Mujiyar Atina a tafin hannu

Bashir: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Abin da na yi wata bakwai ina tara wa kuɗi yau ya iso. Ga hotonsa gaba da baya. Tsabar azurfa ce ta birnin Atina na ƙasar Girka, ana kiranta tetradirakma, wato dirakma huɗu (dirakma ita ce kuɗin Girkawa) a dunƙule ɗaya. Irin wannan samfurin an buga shi ne tsakanin 454 da 404 kafin Miladiyya. A gaba kan Atena ne, abar bautar garin, sanye da kwalkwali mai ganyen zaitun uku. A baya mujiya ce tsaye, ta juyo da kai tana kallon mai kallonta, a bayanta ga reshen zaitun da ɗan jinjirin wata, a gabanta ga haruffa uku na farkon sunan garin. Faɗinta bai kai murfin kwalbar lemo ba, amma tana da kauri, in ka ɗora ta a tafin hannu sai ka ji nauyin ya fi abin da ido ya ba ka. Tun da na buɗe ambulan nake juya ta. Abin da nake so mu tattauna: garin da ya fi duk garuruwan Girkawa arziki a lokacinsa, me ya kai shi ga zaɓar mujiya?

Garba: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, abokina. Amma ni abin bai kwanta min ba. Mu da muka tashi in mujiya ta yi kuka a kan katanga tsofaffi su hau salati, kai kuma ka kashe guminka ka shigo da ita ɗaki? Ga kuma kan gunki a ɗaya gefen. Da filin noma ka ƙara a gida da na fi jin daɗi.

Ummi: Yaya Bashir, barka. Mu dai a makaranta an ce mana a wurin Turawa mujiya alamar hikima ce, shi ya sa suke zana ta a littattafan yara. Ba shi ke nan ba?

Malama Rabi: Barka da arziki, Bashir. Ummi, maganarki tana da tushe, amma kin fara daga ƙarshen labari. Mujiya ta zama alamar hikima ne saboda ita ce tsuntsuwar Atena, ita kuwa Atena a wurinsu ita ce ma'abociyar dabara da sana'ar hannu da yaƙi. Amma mai buga kuɗi ba wa'azin hikima ya zauna yi ba. Hoton da ke kan tsaba hatimin gari ne. Cewa yake: mu mutanen gari kaza mun auna wannan azurfa, mun tsaya mata. Kamar shaidar da makiyayi ke yi wa shanunsa, ko hatimin alƙali a kan takarda.

Abin da ke nuna haka shi ne garuruwa da dama wasa da sunansu kawai suka yi. Tsibirin Rodos ya sa furen wardi, domin sunan furen a harshensu rodon. Garin Selinus a Sisili ya sa ganyen da suke kira selinon. Tsibirin Melos ya sa ɗan itacen da suke kira melon. Fokaya ta sa wata dabbar teku mai suna foke. Wanda bai iya karatu ba, da ya ga hoton ya faɗi sunan garin da bakinsa. Wasu kuma abin da ake tinƙaho da shi suka sa: Metafonto a kudancin Italiya zangarniyar sha'ir, Kurane a Libiya ta yau wani tsiro mai suna silfiyon da suke sayarwa da tsada har ya ƙare a duniya, Afisa ƙudan zuma. Da Kano ta dā ta buga tsaba, ba zan yi mamaki ba in na ga karofi ko dutsen Dala a kai.

Bashir: Malama, na yarda da rabi. In hatimi ne kawai, me ya sa aka ƙara abubuwa? Mujiyoyin farko, na wajen 510 kafin Miladiyya, ba su da jinjirin wata, kwalkwalin ma ba shi da ganye. Sai bayan yaƙi da Farisawa aka ƙara su. Gari ba ya taɓa hatiminsa haka kawai. Ni a ganina ganyen nan na nasara ne, watan kuma tunawa ne da yaƙin Salamis na 480, inda jiragen Atina suka karya na Farisa.

Malama Rabi: Batun ganyen zaitun da nasara, da yawa daga masana suna tare da kai. Batun wata kuwa an rabu. Wasu sun ce Salamis, wasu sun ce yaƙin Maraton na 490, wasu sun ce ba wani yaƙi, tsuntsuwar dare ce aka sa mata wata don a nuna dare. Babu wani Bagirke na lokacin da ya bar rubutu yana bayyana dalilin. A nan ne masu tara tsaba ke yawan zamewa: labarin da ya fi daɗi shi ake maimaitawa har ya zama kamar an tabbatar.

Dubi na tsibirin Ejina. Su ne kusan na farko da suka buga azurfa a wannan yanki, wajen 550, kuma kififiya suka sa, ta teku, mai ƙafafu kamar filafili. Daga baya hoton ya koma kunkurun tudu mai ƙwarya da zane-zane. Sai aka ce ai saboda Atina ta murƙushe su wajen 457 ta karɓe musu jirage, shi ne suka fito daga ruwa suka hau tudu. Labari ne mai daɗin ji, kuma lokacin bai yi nisa da juna ba. Amma ina koya wa ɗalibaina su ce "ana jin cewa", kada su ce "dalilin shi ne".

Bashir: To ai Malama in aka bi wannan, ba abin da za a iya faɗa game da hoto ke nan sai a yi shiru.

Malama Rabi: A'a, akwai da yawa da za a faɗa da ƙarfin gwiwa. Dokin nan mai fiffike na kuɗin Koranti, mun san daga ina yake: a tatsuniyarsu, a bakin maɓuɓɓugar Firene da ke Koranti ne jarumi Belerofon ya kama shi da linzamin da Atena ta ba shi, shi ya sa doki ke gefe ɗaya, Atena ke ɗaya gefen. Na Sirakusa, kan mace da dabbobin dolfin huɗu suna kewaye da ita: Aretusa ce, maɓuɓɓugar ruwan daɗi a tsibirin Ortijiya, teku ya zagaye ta ko'ina. Har yau maɓuɓɓugar tana nan. Inda hoto ya haɗu da wuri da rubutun mutanen, sai mu faɗa. Inda hoto ne shi kaɗai, sai mu sassauta murya.

Alhaji Inuwa: Salamu alaikum. Jikana ne ya karanto min, na ce ya rubuta min amsa. Ni maƙerin farfaru ne a Kano, shekara arba'in da wani abu ina wannan sana'a. Ɗana Bashir, na ƙara girman hoton na duba. Wannan ba zubi ba ne, bugu ne. An sassaƙa hoton a juye cikin ƙarfe biyu, ɗaya a kafe a uwar maƙera, ɗaya a riƙe a hannu, a sa curin azurfa a tsakani, a sauke guduma. Shi ya sa gefen mujiyar ya lotsa ya yi kusurwa huɗu, bakin kuma ya ɗan tsattsage. Shi ya sa kuma tukkun kwalkwalin bai samu wuri ba, curin ya yi wa hatimin kaɗan. Wanda ya sassaƙa idon tsuntsuwar nan gwani ne, ba shi da gilashin ƙara gani, amma dubi gashin jikinta ɗaya bayan ɗaya. Abu ɗaya ya ɗaure min kai: fuskar matar a gefe take, amma idonta na mai kallon gaba ne. Mai wannan hannun ba zai yi kuskure irin wannan ba.

Mamman Damagaram: Baba Alhaji, ina gaisuwa. Kafin Malama ta amsa, bari in kawo abin da na sani daga gida, ina jin amsar tana ciki. Kakata ta bar mana dala uku na azurfa, masu kan sarauniyar nan ta Ostiriya, Mariya Tereza. Duka ukun 1780 ne a jiki. Na girma ina zaton a shekara ɗaya aka yi su. Ashe 1780 shekarar rasuwarta ce, aka ci gaba da buga su da wannan shekarar fiye da ƙarni biyu, a Biyana da wasu biranen ma, saboda fatake a Habasha da Yaman da Borno da ƙasar Hausa ba sa karɓar wadda ta saɓa. Bature Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza ɗaya a kan wuri 2,500. Mu a Nijar har gobe da dala muke lissafi, sefa biyar dala ɗaya. To ina ganin idon matar nan ma haka ne, an saba da shi aka ƙi taɓawa.

Malama Rabi: Mamman ya gama magana. Baba, ba kuskure ba ne. A lokacin da aka buga ta Bashir, masu sassaƙa a Atina sun riga sun iya zana ido yadda yake, a lokacin ne ma ake gina Fartenon, babban haikalin Atena. Amma kuɗin sun bar shi da tsohon yayi da gangan, domin daga Masar har Farisa an san mujiya da wannan fuskar. Sai a farkon ƙarni na huɗu kafin Miladiyya, wajen 393, aka juya idon ya koma na gefe. Saboda haka ido shi ne abu na farko da mai tarawa ke dubawa don sanin zamani. Can wajen 165 kuma aka sake fasali gaba ɗaya: tsabar ta yi faɗi ta yi siriri, mujiya ta hau kan tulu, aka cika wurin da sunayen jami'ai.

Kuma kamar dala, wasu ƙasashe sun yi ta kwaikwayonta. An buga mujiya a Masar, har akwai mai ɗauke da sunan sarkin Farisa Artashasta na uku da rubutun Misirawa. An buga a kudancin ƙasar Larabawa, ƙasar Saba'u da Ƙatabanu, da haruffansu. Mutumin Yaman na lokacin bai san Atena ba, bai damu da hikimarta ba. Shi dai ya san in ya ga tsuntsuwar nan, azurfar mai kyau ce. Har yau ma Girka ita ta sa a kan yuro ɗaya tun 2002.

Alhaji Inuwa: Madalla. Mu ma dalar nan saboda haka iyayenmu suka riƙe ta, giram 28 ce, kuma an san yawan azurfar da ke ciki, ba a sauya ba. In za a yi wa amarya mundaye, ita ake narkawa. Ni kaina na narka da yawa a ƙuruciya, yanzu in aka kawo min sai in ce a adana.

Malam Sa'idu: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na bi maganar tun daga farko. Malam Garba, damuwarka ta mai kishin addini ce, Allah ya saka. Amma camfi da mujiya ba namu ba ne. Larabawan jahiliyya ma suna da shi, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kore shi, inda aka ce babu camfi da tsuntsu, babu hama, malamai kuma sun fassara hama da mujiya. Halitta ce cikin halittun Allah.

Batun hoto kuma, a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Musulmi ba su da kuɗin kansu. Da dinarin Rumawa da dirhamin Farisawa ake ciniki, na farko da hoton sarki da gicciye, na biyu da kan Kisra da wurin bautar wuta. Da su aka yi sadaki, da su aka fitar da zakka. Sai zamanin Abdulmalik ɗan Marwan aka buga dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, dirhami kuma a 79. A mazhabarmu ta Malikiyya, inda aka fi tsanantawa shi ne mutum-mutumi cikakke mai inuwa. Wanda ya ajiye tsaba a akwati don ilimi daban yake da wanda ya rataya ta don neman tsari ko sa'a. Na biyun ne abin tsoro.

Kuma ku lura, kalmar dirhami kanta jikar dirakma ce. Daga Girkawa ta shiga Farisa, daga Farisa ta shiga Larabci, ga ta a Suratu Yusuf aya ta 20, inda aka sayar da shi da 'yan dirhamomi ƙidayayyu. Bashir, nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595. In Allah ya hore maka har mujiyoyinka suka kai 35, ka shiga lissafin zakka.

Bashir: Allah ya gafarta Malam, na gode. A akwati take, cikin 'yar takarda, kuma ita kaɗai ce tukuna.

Ummi: Allah ya gafarta Malam, tunda kana kusa. Na ga wannan hoton a shafin wani gidan tarihi, ga shi. Kan Iskandari ne da ƙahon rago a bayan kunne. An rubuta a ƙasa wai shi ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi. Gaskiya ne?

Bashir: Ƙanwata, wannan ita ce tsabar da nake mafarki. Ba Iskandari ne ya buga ta ba. Shi ya rasu a Babila a 323 kafin Miladiyya. Lisimakus, ɗaya daga cikin jarumansa da ya zama sarkin Tarakiya, shi ya fara buga ta wajen 297. Ƙahon na Amun ne, abin bautar Misirawa mai siffar rago. Iskandari ya je wurin bautarsa a Siwa, cikin hamadar yammacin Masar, a 331, aka gaishe shi a matsayin ɗan Amun. Ni dai in na ga mutum ɗaya da ya kai gabas da yamma, ga kuma ƙaho biyu a kuɗin da ya zagaye duniyar lokacin, sai in ga abin ya yi daidai da yawa.

Malam Sa'idu: A nan zan tsaya maka, ɗana. Gaskiya ne wasu malaman tafsiri sun ce Iskandari ne. Amma Ibnu Kasir ya rarrabe: Zulƙarnaini bawan Allah ne mumini na zamanin da ya daɗe ƙwarai, shi kuwa Iskandari ɗan Filibus na Makidoniya, almajirin Aristotil, ya zo ne can baya. A ƙarnin da ya wuce kuma Abul Kalam Azad na Indiya ya kawo hujjojinsa cewa Sairus na Farisa ne. Kai da bakinka ka ce ƙahon alamar ɗan Amun ce. To yaya hoton da ke cewa mutum ɗan abin bauta ne zai zama shaidar cewa shi ne wanda ya ce "wannan rahama ce daga Ubangijina"? Tsabar tana gaya mana abin da Lisimakus ke so talakawansa su gani. Ba ta fassara Alƙur'ani.

Bashir: Ban ce tana fassara ba, Malam. Cewa na yi mutanen da suka fara jin laƙabin mai ƙaho biyu a ƙasashen nan, sun daɗe suna ganin wannan hoton.

Malam Sa'idu: Wannan magana ce ta tarihi, kana iya riƙe ta a matsayin tarihi. Amma ka gaya wa Ummi cewa saɓani ne, kada ta tafi da shi a matsayin yankakke.

Malama Rabi: Ummi, ki riƙe abin da Malam ya ce. Ga ƙarin abin da ya shafi fanninmu. Kuɗin da Iskandari ya buga da kansa ba su da ƙaho. Kan Herakilis ne, jarumin tatsuniyarsu, sanye da fatar zaki, a baya Zus, babban abin bautarsu, a zaune da gaggafa a hannu, da sunan Iskandari a rubuce. Mutane da yawa suna saye da zaton fuskarsa ce. Kuma yawancin waɗanda ke kasuwa bayan mutuwarsa aka buga su, garuruwa sun ci gaba da yi kusan shekara ɗari biyu, labarin dalar Mamman dai. Kafin zamaninsa garuruwan Girkawa ba sa sa fuskar mutum mai rai a kuɗi, wurin abin bauta ne. Magadansa ne suka buɗe wannan ƙofa, suka fara da fuskarsa, sannan suka sa tasu.

Garba: Na karɓi gyaran Malam game da camfi, Allah ya yafe mana. Amma ina da abu biyu da suka fi wancan nauyi, kuma na je na karanta kafin in dawo. Na ɗaya, azurfar nan daga ramukan Lauriyon take, kudu da Atina, kuma bayi ne suka haƙo ta. Zenofon, marubucin Atina na zamanin, ya rubuta cewa attajiri Nikiyas shi kaɗai yana da bayi 1,000 da yake bayarwa haya a ramukan, ana biyansa obol ɗaya, wato kashi ɗaya cikin shida na dirakma, kan kowane kai kullum. Masanin tarihi Tusididis ya ce da mutanen Siparta, abokan gaban Atina, suka kafa sansani a Dekeliya kusa da birnin a 413 kafin Miladiyya, bayi fiye da 20,000 suka gudu daga ƙasar Atina. Kuna ta yaba gashin tsuntsuwa, ba wanda ya ambaci waɗannan.

Na biyu, daga ina taka ta fito? Mu ne muke kuka kan kayan Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897, muke kuka kan gumakan Nok da ake tonewa da dare ana fitarwa. In namu sata ne, na Girka da Turkiyya halal ne?

Bashir: Na ɗaya ba ni da ja. Har ma zan ƙara maka. A 483 aka ci karo da wata jijiya mai arziki a Lauriyon, aka so raba wa kowane ɗan gari dirakma goma, Temistokilis, ɗaya daga cikin jagororin garin, ya shawo kansu aka ƙera jiragen yaƙi, masanin tarihi Herodotus ya ce 200. Da su aka ci Salamis. Wato 'yancin da Atina ke alfahari da shi, da gumin waɗanda ba su da 'yanci aka saye shi. Magini a haikalin Erektiyon dirakma ɗaya yake samu a yini, saboda haka abin da ke hannuna ladan kwana huɗu ne na ɗa, bawan da ya haƙo kuwa ubangidansa ke karɓa. Ina riƙe ta ina sane da wannan.

Na biyun ne ya sa na yi wata bakwai maimakon huɗu. A gidan gwanjo na saya, kuma ta zo da tsohuwar takardar wani mai tarawa da lambar gwanjon da aka yi kafin 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO kan fataucin kayan tarihi. Na nemi kundin gwanjon na ga hotonta, tsagar bakin iri ɗaya. Akwai masu araha da yawa da ba su da ko takarda ɗaya, na bar su.

Garba: Kafin 1970 ma ai daga ƙasa wani ya tono ta. Shekarar ba ta wanke ta ba, ta dai sa doka ba za ta bi ka ba.

Malama Rabi: Garba yana da gaskiya a nan, kuma ba na so a wuce wurin da sauri. Tsaba ɗaya ba kamar kan tagulla na Benin ba ce, an buga mujiya miliyoyi, kuma an yi ta ne don ta yi tafiya. Asarar tana wurin tonon. A 1969 aka samu tulin tsabar azurfa guda kusan 900 a Asyut ta Masar, na garuruwan Girkawa da dama, an binne su wajen 475 kafin Miladiyya. Nan da nan suka watse a hannun dillalai, sai daga baya masana suka yi ta bin sawu suna haɗa bayanin, kuma da wannan tulin aka gyara shekarun tsabobi da yawa. A 1984 aka tono kusan 1,900 kusa da Elmali a Turkiyya, ciki har da manyan dekadirakma, wato tsabar dirakma goma, guda 14 na Atina, aka fitar da su a ɓoye, sai 1999 mafi yawansu suka koma bayan shari'a a Amurka. Duk wanda ya sayi marar takarda, shi ke biyan mai tonon gaba. Wanda ya nace sai mai tsohon tarihi, aƙalla bai ƙara wa wutar itace ba. Ni iyakar da na sa wa kaina ke nan, kuma na san akwai abokan aikina da ke ganin ko wannan bai isa ba.

Garba: Ina cikin waɗanda ke ganin bai isa ba. Amma na ji daɗi da ka bincika, Bashir.

Alhaji Inuwa: Ɗana, takarda ma ana yin jabunta, ƙarfe ne ba ya ƙarya. Ka yi abu uku. Ka ɗora a sikelin zinariya. Ka duba baki da gilashi, in ka ga layi ya zagaye kamar ɗinki, ko ƙananan ramuka kamar na ƙuraje, zubi ne. Sannan ka sa kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili, ka ɗaure ta da zare ka nutsa ba tare da ta taɓa gindi ba, ka raba nauyinta da abin da sikeli ya nuna. Azurfa tana ba da wajen goma da rabi. Kada ka sa mata ruwan batir, kada ka goga a dutse, kada ka wanke da toka ko omo. Baƙin nan na lungu shi ne shekarunta. Tsohuwar azurfa kuma tana yin gautsi, in ta faɗi a siminti tana iya rabewa.

Malama Rabi: Baba, gwajin ruwan nan naka na Arkimidis ne, mutumin Sirakusa. Kuma su ma sun sha fama da jabu. A Masar da Sham da kurfi suke sara mujiya don su ga ko jan ƙarfe ne a ciki, shi ya sa da yawa ke da tabo a ka. A 375 kafin Miladiyya Atina ta yi doka: bawan hukuma ya zauna a kasuwa tsakanin teburan masu canji yana gwada kuɗi, mai cikin tagulla ko darma a yanke ta a ƙwace. A baya-bayan nan kuma akwai Bajamushe Karl Beka, wanda ya rasu a 1830, da hannu ya sassaƙa hatimai ya buga, har gidajen tarihi suka ruɗu. Irin nasa gwajin baki ba ya kama shi, sai an gwada da hotunan hatimansa da aka wallafa.

Bashir: Baba, na yi. Nauyi giram 17.16, ma'aunin Atina kuwa 17.2 ne. A ruwa sikeli ya nuna 1.64, na raba ya ba ni 10.46. Baki babu layi, sai tsaga uku da suka shiga ciki. Na shanya ta a kan auduga.

Alhaji Inuwa: Alhamdu lillahi, ƙarfen ya yi. Yanzu ga roƙona. Ka turo wa jikana hoton mujiyar babba, da awon faɗi da kauri. Ina da guntayen azurfa da wani tsohon ƙarfen sufirin mota mai kyau. Ina so in sassaƙa hatimi in gwada bugawa, in ga guduma nawa za ta ci kafin idon ya fito.

Malama Rabi: Baba, in ta fito ina son ɗaya don aji. Amma don Allah ka sassaƙa sunanka da shekara a cikin hatimin kansa, kada wata rana ta faɗa hannun wanda zai sayar da ita a matsayin ta dā.

Alhaji Inuwa: Da ajami zan sa, a inda haruffan nan uku suke. Bashir, ina jiran awon.